Wa Ke Zaune Kusa da Yaro Idan Yana Kallo?

[Kiɗan buɗe shiri]

 Disamba ta yi nisa, makarantu sun ba da hutu, yara sun cika gida. 'Yan'uwanmu Kiristoci suna ta shirin Kirsimeti, teloli sun daina barci, farashin kaza da na shinkafa kuwa ba sai na gaya muku ba. A irin wannan lokaci talabijin ke samun aikin da ya fi na kullum, don yaron da ya saba wuni a aji yanzu a gabanta yake wuni. Yau za mu yi magana a kan abin da yake gani: katun da shirye-shiryen yara na Kirsimeti, waɗanda kusan dukkansu abu ɗaya suke faɗa, cewa zama da iyali ya fi kyauta. Wanda ba ya bikin Kirsimeti kada ya sauya tasha. In yana da yara, kuma Sallah na zuwa masa sau biyu a shekara, maganar ta shafe shi.

Mu fara da Amurka, don can wannan al'ada ta kafu. A shekarar 1965 kamfanin da ke yi wa Coca-Cola talla ya kira wani mai shirya finafinai, Lee Mendelson, ya tambaye shi ko yana da shirin Kirsimeti na Charlie Brown. Shi Charlie Brown yaro ne na zane, mai ƙaton kai zagayayye, wanda duk abin da ya taɓa sai ya lalace, kuma Charles Schulz ne ke zana shi a jaridu tun 1950. Mendelson ba shi da komai a hannu, amma ya ce akwai. Sai bayan ya ajiye waya ya nemi Schulz ya gaya masa abin da ya ɗauko musu. Cikin 'yan kwanaki suka tsara labari, suka haɗu da mai zane Bill Melendez, cikin kimanin wata 6 aka gama.

Labarin ba shi da wani tashin hankali. Charlie Brown yana yawo cikin dusar ƙanƙara ransa a ɓace, ga biki ya zo amma shi bai ji daɗin komai ba. Ya leƙa akwatin wasiƙu, ba wanda ya tuna da shi ko da katin gaisuwa. Karensa Snoopy ya ƙawata ɗakinsa da fitilu don ya ci gasar kuɗi. Ƙanwarsa Sally ta sa shi rubuta mata wasiƙa zuwa ga Santa, wato wanda muka fi sani da Fada Kirsimeti, ta yi ta jero abubuwa, ta ƙare da cewa in sun yi yawa a aiko mata da kuɗin kawai. Aka ba shi jagorancin wasan kwaikwayon Kirsimeti na yara, ba mai jin maganarsa. Daga nan aka aike shi ya samo bishiyar ado, aka ja masa kunne ya zaɓo babba mai ƙyalli, ta alminiyam, irin wadda ake yayi a lokacin. Ya je ya tarar da su a jere suna walƙiya, ya wuce su, ya ɗauko wata 'yar ramammiyar bishiya ta gaske, wadda da an taɓa ta ganye ke zuba. Yara suka fashe da dariya, har da karen nasa. Abin ya ishe shi, ya ɗaga murya yana tambaya ko akwai wanda ya san dalilin wannan biki. Sai abokinsa Linus, yaron da ba ya rabuwa da bargonsa, ya taka zuwa tsakiyar dandamali, ya kawo Linjilar Luka da ka, sura ta 2, aya ta 8 zuwa ta 14: makiyaya a filin Allah da dare, da mala'ika, da jariri a komin dabbobi. Masu lura sun gano cewa daidai wurin da mala'ika ke hana makiyayan jin tsoro ne Linus ya saki bargon.

Charlie ya ɗauki bishiyarsa ya nufi gida, ya rataya mata ƙwallon ado guda ɗaya, ta sunkuya har ƙasa. Ya ɗauka ya kashe ta, ya tafi abinsa. Yaran da suka yi masa dariya suka biyo sawu, Linus ya naɗe gindinta da bargonsa, suka kwashe adon ɗakin kare suka jera mata, suka tsaya suna waƙa tare. Shi ke nan fim ya ƙare. Tun daga farko har ƙarshe ba wanda ya miƙa wa wani ƙunshin kyauta. Kuma ga wani abu da akan manta: babu uwa ko uba ko guda a ciki, don Schulz ba ya nuna manya a zanensa. Zumuncin da aka nuna na yaran unguwa ne da suka ji kunyar abin da suka yi wa ɗan'uwansu.

Da manyan tashar CBS, wadda za ta nuna shirin, suka kalla, ana saura 'yan kwanaki a nuna, jikinsu ya yi sanyi. Suka ce ya cika tafiyar hawainiya. Muryoyin yara ne na gaske, ba ƙwararru ba, har akwai yarinyar da ba ta iya karatu ba tukuna, sai dai a faɗa mata guntu-guntu tana maimaitawa. Kiɗan kuma jaz ne na Vince Guaraldi, abin da ba a saba ji a shirin yara ba. Babu dariyar nan da ake naɗa a riƙa sakawa don mai kallo ya san inda zai yi dariya. Karatun Linjila ma abokan aikin Schulz sun yi ɗari-ɗari da shi, shi ne ya kafe sai an sa. Aka nuna a daren 9 ga Disamba 1965. Gida fiye da miliyan 15 suka kalla, kusan rabin talabijin ɗin da ke kunne a Amurka a wannan sa'a. Ya ci lambar Emmy da ta Peabody, CBS ta yi ta maimaita shi kowace shekara har zuwa 2000. Bishiyar alminiyam kuwa cikin 'yan shekaru kasuwarta ta mutu, kuma mutane da yawa wannan katun suke ɗora wa alhaki.

To amma wa ya biya kuɗin? Mai sayar da lemo. A nunin farko sunan Coca-Cola ya fito a farkon fim ɗin da ƙarshensa, daga baya ne aka cire. Ba shi kaɗai ba ne. Shekara ɗaya bayan haka, ranar 18 ga Disamba 1966, CBS ta nuna labarin Grinch, daga littafin da Dakta Seuss ya fitar a 1957. Grinch wani koren dodo ne mai ƙyashi da ke zaune a kan dutse, yana hango mutanen wani ƙauye suna murna, abin na ci masa rai. A jajibirin Kirsimeti ya yi shigar Fada Kirsimeti, ya ɗaura wa karensa ƙaho, ya sauko da dare ya kwashe komai: kyaututtuka, abinci, bishiyoyi, har itacen murhu. Wata 'yar yarinya ta farka ta gan shi, ya shirga mata ƙarya cewa gyara zai kai bishiyar, ya ba ta ruwa ya mai da ita gado. Ya hau dutse da kayan, ya kasa kunne yana jiran kuka, sai ya jiyo waƙa. Mutanen sun fito sun riƙe hannun juna suna rerawa, ba ko allura a gidajensu. Zuciyarsa ta buɗe, ya maido da kayan, aka zaunar da shi a kan abinci. Wanda ya ɗauki nauyin wannan wa'azi a kan son abin duniya wata gidauniya ce ta bankunan kasuwanci. Shi kansa Dakta Seuss ya shafe shekaru yana zanen talla, har da na maganin sauro na Flit.

Rudolph, barewar nan mai jan hanci, ita a kanti ma aka haife ta. A 1939 wani ma'aikacin kantin Montgomery Ward na Chicago, Robert May, ya ƙirƙiro labarin don a raba wa 'ya'yan masu sayayya, aka raba kwafi fiye da miliyan 2 a shekarar farko. Da aka mai da shi shirin talabijin a 1964, kamfanin kayan lantarki na General Electric ne ya biya.

Ban kawo wannan don in kira kowa munafuki ba. Schulz da gaske yake, wanda ya kalli aikin zai gani. Sai dai ɗan kasuwa ba wawa ba ne. Ya san babu lokacin da ya fi kyau a tallata kaya kamar sa'ar da uwa da uba da yara ke ɗaki ɗaya, zukata sun yi taushi. Labarin minti 25 ne ko kusa da haka, sauran rabin sa'ar na mai talla ne, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Yaro yana zaune, labari na gaya masa kaya ba komai ba ne, a tsaya a nuna masa motar wasa mai fitila, a dawo a ci gaba da gaya masa kaya ba komai ba ne. A cikin biyun, wanne kuke jin zai kwana da shi?

[Kiɗa]

Masu sauraro, wannan tambaya an bincika ta. Wasu malamai mata biyu a jami'ar Hertfordshire ta Ingila, Karen Pine da Avril Nash, sun yi wata dabara mai sauƙi, suka buga sakamakon a 2002. Suka tattara wasiƙun da ƙananan yara ke rubuta wa Fada Kirsimeti, suka tambayi yaran irin kallon da suke yi. Suka tarar yaran da suka fi kallon tashoshin da ke sa talla sun fi jero buƙatu. Suka kuma tarar yaron da ke kallo shi kaɗai ya fi roƙo a kan wanda ke kallo da wani a gefensa. Da suka gwada da wasiƙun yaran ƙasar Suwidin, inda doka ta hana tallan talabijin da ke nufin yara 'yan ƙasa da shekara 12, sai ga buƙatun yaran Suwidin sun fi kaɗan. Masana halayyar ɗan'adam sun daɗe suna cewa yaron da bai kai shekara 7 ko 8 ba bai gane cewa mai talla so yake ya sayar masa da abu ba. A wurinsa labari ne kamar kowane labari. Shi ya sa lardin Quebec na Kanada ya hana tallata wa 'yan ƙasa da shekara 13 kaya tun 1980, Amurka kuma a 1990 ta ƙayyade tallan da ke cikin shirin yara: minti 12 a sa'a a ranakun aiki, minti 10 da rabi a ƙarshen mako.

Wannan ɓangaren talla ke nan. Saura darasin kansa, kuma a nan ne na fi so iyaye su kasa kunne. Wata malama a jami'ar Wisconsin, Marie-Louise Mares, da abokiyar aikinta, sun nuna wa yara 'yan shekara 5 zuwa 6 wani katun na Clifford, ƙaton jan kare. A cikin shirin karnuka sun haɗu da wani kare mai ƙafa uku, suka yi ta tsoronsa suna gudun kada su ɗauki abin da ya same shi, a ƙarshe suka gane shi ma kare ne kamar kowa, suka zama abokai. Manufar masu shirin a fili take: kada a ƙyamaci mai naƙasa. Da aka tambayi yaran me suka koya, mafi yawansu cewa suka yi a riƙa kyautata wa karnuka masu ƙafa uku. 'Yan kaɗan ne suka kai maganar kan mutane. An buga wannan a 2008.

Yanzu ku ɗauki wannan yaro ku zaunar da shi gaban Grinch. Minti ashirin yana kallon dodo na zamewa ta bututun hayaƙi, yana cusa kaya a buhu, kare na jan lodin da ya fi ƙarfinsa, abin dariya da daɗin kallo. Darasin bai fi minti biyu ko uku ba a can ƙarshe. Kuma me ya biyo bayan darasin? Kaya sun dawo. Kowa ya samu kyautarsa, aka ci aka sha. Babba zai ce labarin ya nuna murna ba a kaya take ba. Yaro ɗan shekara biyar, in ba a yi sa'a ba, abin da zai riƙe shi ne ɓarawo ya kwashe kayan wasa sannan ya maido. Ba laifinsa ba ne, ƙwaƙwalwarsa ce ba ta kai ga ɗauko darasi daga labarin dodo ta aza shi a kan gidansu ba. Wannan aikin sai da babba a kusa.

Ku zo mu koma Suwidin, don akwai abin mamaki a can. Fiye da shekara 60 ke nan, a ranar 24 ga Disamba, da misalin ƙarfe 3 na rana, gidan talabijin na ƙasar ke nuna sa'a guda ta tsofaffin katun na Disney. Suna kiran shirin Kalle Anka, sunan da suka sa wa agwagwar nan Donald Duck. Mutanen ƙasar ba su wuce miliyan 10 da 'yan kai ba, amma masu kallo kan haura miliyan 3, wata shekarar ma miliyan 4. Tituna su yi tsit. A gidaje da yawa ba a buɗe kyauta sai an gama, abinci ma ana tsara shi ne ko kafin Kalle ko bayan Kalle. Mai gabatarwa ya kunna kyandir a gaban kyamara, kuma mutum ɗaya, Arne Weise, ya yi wannan aiki kusan shekara 30. A 1982 tashar ta cire guntun labarin wani bijimi mai suna Ferdinand, wanda ya fi son shaƙar furanni a kan faɗa, ta sa wani a madadinsa. Jama'a suka yi ca, dole aka maido da bijimin.

In kun kalli shirin ba za ku ga wani wa'azi a kan zumunci ba. Yawancin guntayen ma ba ruwansu da Kirsimeti, a ƙarshe kuma akan ɗan nuna sabon fim ɗin Disney, wanda talla ne ko da ba a kira shi talla ba. Duk da haka kaka da jika suna kujera ɗaya, kowa ya haddace abin da zai faru, ana rige-rigen faɗar maganar kafin agwagwa ta faɗa. Abin da ya tara su shi ne ƙarfe uku, da akwati ɗaya, da sanin cewa in ka makara sai baɗi. A ganina, masu sauraro, rabin albarkar da ake jingina wa Charlie Brown ma daga nan ta fito. A wancan lokaci sau ɗaya ake nuna shi a shekara, gida yana da talabijin ɗaya, saboda haka dole a zauna tare. Labarin yana yabon zama tare, masu kallo kuma suna cikin yin sa.

Wannan sharaɗi ne ya kau. A 2020 kamfanin Apple ya karɓi shirye-shiryen Charlie Brown ya kai su manhajarsa ta intanet. Amurkawa suka yi ta ƙorafi, har aka bar tashar PBS ta nuna a 2020 da 2021, daga nan ya koma intanet. Yanzu duk mai biyan kuɗin manhajar na iya kallo a duk lokacin da ya so, wanda a zahiri ke nufin kowa na iya kallo shi kaɗai. Mu ma a nan haka abin ya zama. Waɗanda suka manyanta za su tuna lokacin da tasha ba ta buɗewa sai da yamma, talabijin ɗaya ce a layi, yaran maƙwabta su cika falo, waɗanda ba su samu wuri ba su liƙe a taga. Za su tuna Tales by Moonlight da NTA ta fara a 1984, ranar Lahadi da yamma, yara zagaye da mai ba da labari, wato dai tatsuniyar kaka ce aka kai gaban kyamara. Kuma in kun tuna, a wannan shiri ba a tashi sai an tambayi yaran abin da suka koya. Yau ga yaro kwance a ɗaki, wayar uwarsa a hannu, yana kallon katun a kan muhimmancin iyali, uwar tana kicin, uban yana majalisa, yayarsa tana wani ɗakin da tata wayar.

[Kiɗa]

Akwai kuma inda nake ganin waɗannan finafinai ba su yi daidai da mu ba, kuma gara a faɗa. An yi su ne don yaron da kyaututtuka suka yi wa yawa, wanda zai tashi da safe ya tarar da tulin ƙunshi a gindin bishiya. A Jos, ko Kafanchan, ko Wusasa, ko Sabon Garin Kano, abin da yawancin yara ke jira bai kai haka ba: ɗinki ɗaya, takalmi, kitso ko aski, wataƙila tabarau na roba da agogon da ba ya tafiya. Irin abin da ɗan'uwansa ke jira ke nan in Sallah ta zo. Yaron da ya fita da tsohuwar riga ranar da kowa ya sa sabuwa, ba son abin duniya ne ke sa shi hawaye ba, ji yake an ware shi daga cikin sa'o'insa. Saboda haka, Baba, kada ka fake da katun ka ce ai an ce kyauta ba komai ba ce, alhali kuɗin yadin yana aljihunka. Wanda kuma ba shi da hali, Allah ya hore, amma ya gaya wa yaran tun da wuri abin da zai iya da wanda ba zai iya ba. Yaro yana iya haƙuri da gaskiyar da aka gaya masa tun mako biyu, abin da ba ya mantawa shi ne alkawarin da aka yi ta ja masa har safiyar biki.

Sannan mu a nan ba mu raba kyauta da zumunci gida biyu ba, kamar yadda waɗancan labarai suka yi. Ku dubi ranar Kirsimeti da hantsi a unguwar da aka cakuɗa. An dawo daga coci, Mama ta zuba shinkafa da miya a kula, ta ɗora cinyar kaza, ta ƙulla cincin a leda, ta kira 'yarta ta ce kai wa Maman Aisha, ki gaishe ta da kyau. Yarinya ta ɗauka da hannu biyu, sabon takalmi na matse mata ƙafa, tana tafiya a hankali kada miya ta zube mata a riga. Ta yi sallama, ta durƙusa, a karɓa a sa mata albarka, a juye, a wanke kular, a ba ta tukwici. Ranar Babbar Sallah kular nan ce za ta dawo da nama. Wannan kyauta ce, amma ba ta isa inda za ta sai da ƙafar yaro, kuma dama an ce zumunta a ƙafa take. Yarinyar da aka aika gida biyar a wannan rana ta san mutanen gida biyar, su ma sun san ta.

In aka ce in zaɓi shiri ɗaya da ya fahimci kyauta yadda ya kamata, zan ɗauki na Sesame Street na 1978, wanda labarinsa ya faru a jajibirin Kirsimeti. Masu wannan shiri ne suka kawo mana Sesame Square a NTA a 2011, da Kami da Zobi direban tasi mai son doya. A cikin na 1978 akwai 'yan tsana biyu abokan zama, Bert da Ernie, ba wanda ke da kuɗi. Bert yana da tarin 'yan ƙarafunan maƙala takarda da yake ji da su, Ernie kuma yana da agwagwar roba da yake wanka da ita. Ernie ya je kantin tsohon unguwa, Mista Hooper, ya ba da agwagwarsa aka ba shi akwatin sigari, don Bert ya samu wurin adana ƙarafunansa. Bert ma ya bi bayansa a ɓoye, ya ba da ƙarafunan aka ba shi kwanon sabulu, don agwagwar Ernie ta samu wurin zama. Da dare suka yi musayar kyauta, kowa ya buɗe, kowa ya rasa bakin magana, don abin da za a sa a ciki ya tafi. Suna cikin kame-kame sai ga Mista Hooper ya ƙwanƙwasa ƙofa da ƙunshi biyu: ya maido wa kowa abinsa. An aro ƙashin labarin ne daga wani gajeren labari na O. Henry na 1905, na matar da ta sayar da gashinta da mijin da ya sayar da agogonsa. Shi Mista Hooper a shirin Bayahude ne, ba ya bikin Kirsimeti, kuma an nuna maƙwabcinsa na taya shi murnar nasa bikin. A nan ba a ce kyauta banza ce ba. Akwatin sigari da kwanon sabulu ba su da wata daraja a kasuwa, amma kowanne ya nuna cewa mai bayarwa ya san abin da ɗan'uwansa ke so, kuma ya rabu da nasa don ya samo. Mai kantin ma da bai lura da fuskokinsu ba, da ya yi cinikinsa ya rufe kanti.

Irin wannan shiri ne nake cewa a nema, a zauna a kalla tare, ko a talabijin ko a waya ɗaya da aka jingina a jikin kofi kowa ya matso. A sa masa lokaci, a ce bayan cin abincin dare, don yara su san akwai abin jira. In talla ta shigo, a rage murya, a tambayi yaro wa yake jin ya biya kuɗi aka nuna masa wannan mota, kuma me mutumin yake so. In an gama kada a ce masa me ka koya, don zai ba ka amsar 'yan aji ne ya huta. A tambaye shi da shi ne Ernie, me zai iya rabuwa da shi, kuma don wa. Zai iya cewa ba zai ba da komai ba, kada a yi masa faɗa, a yi dariya a tambayi yayarsa. Kaka in tana kusa a jawo ta ciki, ko ba ta jin Turancin, a sa yaran su fassara mata. Za ku ji yadda suka fahimci labarin daga yadda suke ba ta shi, kuma da wuya ta bari a tashi ba ta kawo nata na Gizo da Ƙoƙi ba.

Lokaci ya cim mana. 'Yan'uwanmu Kiristoci, barka da Kirsimeti, Allah ya maimaita mana. Masu tafiya gida hutu, Allah ya kiyaye hanya. Sai mun sake haɗuwa a shiri na gaba, ku huta lafiya.

[Kiɗan rufe shiri]